DASHIELL HAMMETT, ƊAN SANDAN CIKIN DA YA ZAMA MARUBUCI

Duk wanda ya zauna a ɗakin kwanan ɗalibai na sakandare ko na kwalejin horon malamai a wannan yanki namu, cikin shekarun 1970 da na 1980, ya san littattafan James Hadley Chase. Littafi ɗaya sai ya zaga ɗaki duka har bangonsa ya yage, ya tashi daga Talata Mafara ya tafi hutu Maradun a aljihun wani, ya komo a cikin akwatin wani dabam. Akawuna ma ba a bar su a baya ba, sau da yawa akan sami littafin a kwance ƙarƙashin fayil. Yawancinmu mun ɗauka Chase Ba'amurke ne, saboda yawancin labaransa a can suke faruwa. Alhali kuwa mutumin Ingila ne, sunansa na yanka René Raymond, kuma sa'ad da ya rubuta littafinsa na fari a 1939 bai taɓa taka ƙasar Amurka ba, da taswira da ƙamus na bakin 'yan tashar Amurka ya yi aiki. Watau dai rigar aro ya sa. Ɗaya daga cikin masu rigar na ainihi shi ne Samuel Dashiell Hammett, wanda ya yi aikin binciken masu laifi da ƙafarsa kafin ya zauna ya rubuta shi, wanda kuma a ƙarshen rayuwarsa ya kwana a kurkuku saboda ya ƙi gaya wa alƙali sunayen waɗansu mutane.

An haifi Hammett ran 27 ga watan Mayu 1894 a wata gona da ke yankin St. Mary's cikin Jihar Maryland. Ubansa, Richard Hammett, mutum ne da ya gwada sana'o'i iri iri babu wadda ta karɓe shi, har ya kwashe iyalinsa zuwa Philadelphia, daga nan suka zauna a birnin Baltimore. Sunan nan Dashiell daga dangin uwarsa Anne ya samo shi. Yaron bai cika shekara 15 ba ya bar makaranta a 1908 don ya taimaki gida. Ya yi masinja a kamfanin jirgin ƙasa, ya yi akawun kaya, ya yi leburanci, ba ya daɗewa a wuri ɗaya. Haka ya yi ta fama har 1915, shekarar da ya shiga kamfanin Pinkerton a ofishinsu na Baltimore.

Ya kamata a yi bayanin wannan kamfani, don ba mu saba da irinsa ba. Wani mutumin Sikotilan mai suna Allan Pinkerton ya kafa shi a Chicago wajen 1850. Aikinsa aikin 'yan sandan ciki ne, amma ba na Gwamnati ba: wanda duk ya biya, shi za a yi wa bincike. Bankuna da kamfanonin jirgin ƙasa da na inshora su ne manyan masu hulɗa da shi. Tambarinsa hoton ido ne buɗaɗɗe. Ya kama 'yan fashi da mazambata da yawa, wannan gaskiya ne. Amma akwai wani sashe na aikin wanda ya sa talakawan Amurka suka tsani sunan Pinkerton. In ma'aikata suka shiga yajin aiki, masu masana'antu sukan yi hayar mutanen kamfanin su saje da leburori, su halarci taron ƙungiyar ƙwadago, su rubuto sunayen shugabanni da abin da kowa ya ce. Wani lokaci kuma da bindigogi ake turo su. A 1892, a masana'antar ƙarfe ta Homestead kusa da Pittsburgh, an kawo 'yan Pinkerton wajen 300 cikin kwale-kwale, aka yi ɗauki-ba-daɗi da masu yajin aiki, aka rasa rayuka ta kowane gefe.

To, a wannan gida Hammett ya koyi sana'a. Dogo ne siriri, amma an shaide shi da iya bin sawun mutum yini guda ba tare da an lura da shi ba. Abu na biyu da ya koya, wanda daga baya ya fi yi masa amfani, shi ne rubuta rahoto. Ma'aikacin Pinkerton in ya komo daga aiki wajibi ne ya rubuta abin da ya gani: wane ne, ƙarfe nawa, ina ya shiga, da wa ya yi magana, me ke hannunsa. Ba a son zato, ba a son ado, ba a tambayarsa abin da zuciyarsa ta raya masa. Ma'aikatan Gwamnati da suka sha jan biro a hannun tsofaffin sakatarori za su gane irin wannan horo. Shi ne tushen salon da ya sa sunan Hammett ya ɗaukaka.

Akwai wani labari da ya manne wa tarihinsa na wannan zamani. A garin Butte na Jihar Montana ana haƙar jan ƙarfe, kuma a wancan zamani kamfanin Anaconda ne ke juya garin yadda ya so. Cikin watan Yuni 1917 gobara ta tashi a ramin haƙa na Speculator ta hallaka leburori 168, sauran suka shiga yajin aiki. Wani jagoran 'yan ƙwadago mai suna Frank Little ya zo ya ƙarfafa musu gwiwa. Daren 1 ga watan Agusta waɗansu mutane da suka rufe fuskokinsu suka fitar da shi daga masaukinsa, suka ja shi a bayan mota, suka rataye shi a gadar jirgin ƙasa. Ba a taɓa hukunta kowa ba. Bayan shekaru, Hammett ya riƙa gaya wa abokansa cewa shi ma an taɓa yi masa tayin dala 5,000 don ya kashe Little, ya ƙi. Masu bin diddigin tarihinsa ba su sami takardar da ta nuna yana Butte a wannan shekara ba, shi kuwa mutum ne mai iya gyara labari. Amma ko da aro ya yi, zaɓen labarin da mutum ya ɗora wa kansa yakan nuna abin da ke ci masa rai. Hammett ya san wa yake yi wa aiki, ya kuma san a kan wa.

CUTA DA ALƘALAMI

Cikin 1918 ya shiga soja, aka sa shi sashen motocin ɗaukar marasa lafiya a wani sansani kusa da Baltimore. Bai ga fagen yaƙi ba. Annobar murar nan da ta game duniya a wannan shekara ta kama shi, ta bar shi da tarin fuka, cutar da ta bi shi har tsufansa. Aka sallame shi a 1919. Ya koma Pinkerton, ciwo ya sake kayar da shi, aka kwantar da shi a asibitin Cushman da ke Tacoma a 1920. A nan ya gamu da wata ma'aikaciyar jinya, Josephine Dolan, suka yi aure a San Francisco cikin watan Yuli 1921, suka sami 'ya'ya mata biyu, Mary da Josephine.

Wajen farkon 1922 jikinsa ya kasa ɗaukar tsayuwar dare a bakin titi, ya bar aikin bincike ke nan har abada. Ga iyali, ga kuɗin haya, ga ɗan abin da Gwamnati ke ba tsofaffin sojoji bai taka kara ya karya ba. Sai ya riƙa yini a ɗakin karatu na birnin San Francisco yana karanta duk abin da ya samu, in ya komo gida ya zauna ga keken rubutu. A wannan zamani akwai waɗansu mujallu masu arha da ake bugawa a kan takarda marar kyau, leburori da direbobi ke sayensu. Marubucinsu ana biyansa ne bisa yawan kalmomi, abin da bai wuce kwabo ɗaya ko biyu na kuɗin Amurka ba a kan kowace kalma. Ɗaya daga cikinsu ita ce Black Mask. Ita ta buga labarinsa a watan Disamba 1922, da sunan aro na Peter Collinson, sannan a watan Oktoba 1923 ta fito da jarumin da ya fara jawo masa suna.

Wannan jarumi ba shi da ko suna. Ma'aikaci ne na wani kamfanin bincike da Hammett ya kira Continental, gajere, mai ƙiba, ya fara manyanta, ba shi da mata, ba shi da wani abin sha'awa sai aiki. Shi ke ba da labarin da bakinsa, kamar mai rubuta wa shugabansa rahoto. Don a gane sabon abin da ke nan sai a tuna yadda labarin bincike yake kafin lokacin. Edgar Allan Poe ne ya buɗe ƙofar a 1841, Conan Doyle ya zo da Sherlock Holmes a 1887, Agatha Christie ta fara nata a 1920. A wurin waɗannan, kisan kai tamkar kacici-kacici ne. Akan sami gawa a gidan wani attajiri, mai bincike ya zauna ya auna alamu da kaifin basira, a shafi na ƙarshe ya tara jama'a ya nuna mai laifi, duniya ta koma daidai. Hammett ya ga gawa da idonsa, ya san ba haka abin yake ba. A labaransa mutane suna kisa ne saboda kuɗi da tsoro da neman mulki, suna magana kamar yadda ake yi a tasha da gidan caca, ɗan sanda yana karɓar na goro, mai bincike kuwa yana gano gaskiya ne da yawon ƙafa da tambaya da jure wa duka. In an kama mai laifi ma, garin yana nan yadda yake.

Kuɗin bai isa ba. A 1926 ya ajiye labarai ya kama aikin rubuta talla a kantin wani mai sayar da zobba da agogo, Albert Samuels. Bayan 'yan watanni ya faɗi a ofis yana aman jini. Ma'aikatan lafiya suka ba da shawara ya raba ɗaki da matarsa da 'ya'yansa don kada su kamu. Rabuwar da aka yi saboda cuta ba ta ƙare da sauƙin cutar ba. Sabon editan Black Mask, Joseph Shaw, ya lallashe shi ya komo, ya kuma ƙarfafa shi ya gwada dogon labari.

LITTATTAFAI BIYAR

Abin da ya biyo baya abin mamaki ne. Tsakanin 1929 da 1934 kamfanin ɗab'i na Alfred Knopf a New York ya buga masa littattafai biyar: Red Harvest da The Dain Curse a 1929, The Maltese Falcon a 1930, The Glass Key a 1931, sai The Thin Man a 1934. Na biyun shi ne mafi rauni, marubucin da kansa bai ɗauke shi da daraja ba, ba kuma za mu tsaya a kansa ba.

Red Harvest, watau jan girbi, labarin wani garin haƙar ma'adinai ne da kowa ya gane Butte ake nufi. Wani tsoho, Elihu Willsson, shi ke da ramin haƙa, shi ke da banki, shi ke da jaridun garin, 'yan siyasa kuma a tafin hannunsa suke. Da leburori suka yi yajin aiki sai ya yi hayar 'yan ta'adda daga waje suka murƙushe su. Aiki ya ƙare, amma baƙin suka ƙi tafiya. Suka raba garin tsakaninsu, wannan ya riƙe caca, wancan ya riƙe giya, shugaban 'yan sanda ya zama ɗaya daga cikinsu, tsohon da ya kira su ya koma ɗan kallo a gidansa. Aka kashe ɗansa, editan jarida, wanda ya so ya tona asirinsu. Mai binciken nan marar suna ya karɓi dala 10,000 daga hannun tsohon don ya share garin, hanyar da ya bi kuwa ita ce haɗa 'yan ta'addan faɗa har suka cinye juna. Tsakiyar aikin ya lura cewa shi ma ya fara jin daɗin zubar da jinin, abin ya ba shi tsoro. A ƙarshe sojoji suka shigo, aka miƙa garin ga wanda ya ɓata shi tun farko. Mai karatu a Maradun ko Bakura ba ya bukatar dogon sharhi a kan abin da ke faruwa in an ba mutum bindiga don biyan wata bukata, bukatar ta wuce, bindigar ta zauna. Babban marubucin Faransa André Gide ya yaba wa littafin ƙwarai. Masu nazarin silima kuma sun daɗe suna ganin inuwarsa a fim ɗin Yojimbo na Kurosawa, na 1961, wanda shi kuma daga gare shi Sergio Leone ya ɗauko fim ɗin kaboyin da ya fito da Clint Eastwood a 1964.

The Maltese Falcon shi ne wanda duniya ta fi sani. Waɗansu mazambata sun shafe shekaru suna farautar wani mutum-mutumin shaho na zinariya da duwatsu masu daraja, wanda aka ce mayaƙan tsibirin Malta sun ƙera don Sarkin Sifen, daga baya aka shafe shi da baƙin fenti don a ɓoye darajarsa. Suna yaudarar juna, suna kashe juna a kansa. Da ya zo hannu aka kankare fentin, sai ga dalma. Mutanen Zamfara sun san yadda zinariya da dalma ke kwana a dutse ɗaya, tun 2010, sa'ad da gubar dalma daga dutsen zinariya ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Amma zuciyar littafin ba a shahon take ba. Jarumin, Sam Spade, an kashe abokin aikinsa Miles Archer tun farkon labari. Ba ya ƙaunar Archer, har ma yana cin amanarsa da matarsa. Ya kuma faɗa son wata mace, Brigid, wadda ita ta kawo musu aikin. Da ya tabbata ita ce ta yi kisan, sai ya miƙa ta ga 'yan sanda, tana roƙonsa yana ƙi, bisa hujjar cewa akwai haƙƙin da abokin sana'a ke da shi a kanka ko kana sonsa ko ba ka so. Hammett bai taɓa shiga zuciyar Spade ya gaya mana abin da yake ji ba. Motsin hannunsa da na fuskarsa kawai muke gani, da abin da ya faɗa. John Huston ya mai da littafin fim a 1941, Humphrey Bogart ya fito a Spade.

Shi kansa marubucin ya fi son The Glass Key, ni ma a ganina ya yi daidai. Labarin wani ɗan caca ne, Ned Beaumont, na hannun daman wani uban siyasa, Paul Madvig. Abokan gaban Madvig suka kama Ned, suka tsare shi kwana da kwanaki suna dukansa don ya ba da abin da za a kayar da ubangidansa, ya ƙi buɗe baki. Wanda ya rubuta wannan bai san bayan wajen shekara 20 za a yi masa irin tambayar ba, ko da yake shi ba a taɓa jikinsa ba.

The Thin Man wasa da dariya ya fi yawa a cikinsa, shi ne kuma ya fi kawo kuɗi. Kamfanin MGM ya yi fim da shi a 1934, ya karɓu har aka yi guda shida a jere. Daga nan alƙalamin ya tsaya. Hammett yana da shekara 40 bai cika ba, ya rayu shekara 27 bayan haka, bai sake gama wani littafi ba.

Ba za a ɓoye aibinsa ba. Kuɗin Hollywood sun shigo masa kamar ruwan sama, sun fita kamar ta rariya. Ya zauna a manyan otal da direba da barori, ya bar bashi a baya. Giya ta kama shi ƙwarai, neman mata kuma bai da iyaka, har wata 'yar wasan fim ta kai shi ƙara bisa cin zarafi a 1932, kotu ta ba ta gaskiya. Matarsa da 'ya'yansa wani wata su ga aike, wani wata shiru. A ƙarshen 1930 ya haɗu da Lillian Hellman, wadda suka yi shekara 30 tare, ana rabuwa ana komowa, ba aure. Gwanintar da ya kasa zuba wa nasa aikin sai ya zuba wa nata. Shi ya nuna mata labarin da ta gina wasanta na fari a kai, The Children's Hour, na 1934, ya kuma yi ta sa ta sake rubutu har ta zama ɗaya daga cikin manyan marubutan wasan kwaikwayo na Amurka. A 1944 Raymond Chandler, wanda shi ma daga Black Mask ya taso, ya rubuta wata maƙala da ta tabbatar wa Hammett matsayin jagoran wannan salo. Mai matsayin kuwa a lokacin yana can wani tsibiri cikin ƙanƙara.

Yadda ya je can shi ne, tun tsakiyar shekarun 1930 hankalinsa ya koma siyasa. Ya goyi bayan Jamhuriyar Sifen a yaƙinta da Janar Franco, ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Jam'iyyar Kwaminis ta Amurka. A nan ma akwai abin zargi, don ya bi layin Mosko ido rufe a lokacin da Stalin ke hallaka abokan tafiyarsa, ya kuma yi adawa da shigar Amurka yaƙi muddin yarjejeniyar Stalin da Hitler tana aiki. Mutumin da ya ƙware wajen gane maƙaryaci a littafi, ya kasa gane wannan. Da Amurka ta shiga yaƙi sai ya nemi komawa soja, aka ƙi shi da fari, ya nace har aka ɗauke shi a watan Satumba 1942, yana da shekara 48, da tabon tarin fuka a huhunsa. Aka tura shi tsibirin Adak a yankin Alaska, inda ya kafa wa sojoji jarida mai suna The Adakian. A lokacin rundunar Amurka ba ta haɗa baƙar fata da farar fata a rukuni ɗaya, shi kuwa ya ɗauki baƙaƙen sojoji cikin ma'aikatan jaridar. Ya fito a 1945 da muƙamin saje. A 1948 likita ya gaya masa in bai bar giya ba kwanansa ya kusa ƙarewa. Ya ce ya bari, ba wanda ya gaskata, amma ya bari.

RANAR 9 GA YULI

A 1946 aka zaɓe shi shugaban reshen New York na wata ƙungiyar kare haƙƙin jama'a mai suna Civil Rights Congress. Ƙungiyar tana da asusun beli, inda mutane da yawa, akasarinsu masu ƙaramin ƙarfi, suka zuba kuɗinsu don a riƙa fitar da waɗanda aka tsare saboda siyasa. Hammett yana cikin amintattun asusun. A 1949 kotu ta sami shugabannin Jam'iyyar Kwaminis 11 da laifi a ƙarƙashin dokar Smith, asusun ya tsaya musu da dala 260,000 har a gama ɗaukaka ƙara. Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin a watan Yuni 1951. Ran 2 ga Yuli, ranar da za su miƙa kansu, huɗu daga cikinsu ba su zo ba.

Gwamnati ta juya kan amintattun. Ran 9 ga watan Yuli 1951 aka tsai da Hammett gaban Mai Shari'a Sylvester Ryan, aka nemi ya kawo littafin asusun, ya faɗi waɗanda suka ba da kuɗi. Hujjar Gwamnati ba ta banza ba ce: wanda ya tsaya wa mutum beli, in mutumin ya gudu, dole a tambaye shi, kuma mai yiwuwa cikin masu ba da kuɗin akwai wanda ya ɓoye su. Amma a Amurkar 1951 kowa ya san abin da zai sami malamin makaranta ko akawun gidan waya in sunansa ya fito a irin wannan takarda. Aikinsa ya tafi ke nan, wataƙila har da na 'yan'uwansa. Hammett ya fake da gyara na biyar na tsarin mulkin ƙasar, wanda ya ba mutum ikon ƙin faɗin abin da zai jawo masa tuhuma. Tambaya bayan tambaya, amsa ɗaya. Har sa hannunsa da aka nuna masa ya ƙi ya ce nasa ne. A ranar alƙalin ya ɗaure shi wata shida saboda raina kotu. Hellman ta rubuta daga baya cewa bai ma san sunayen ba, da ya faɗi haka da wataƙila ya kwana a gida, amma ya ƙi, don bai yarda kotu tana da ikon yin tambayar ba. Mutumin da ya fara cin abinci da rubuta sunayen leburori yana miƙa wa masu kuɗi, shi ne wannan.

Ba shi kaɗai aka ɗaure ba. Cikin amintattun akwai Dokta Alphaeus Hunton, baƙar fata, malamin jami'a, jigo a wata ƙungiyar da ke goyon bayan 'yancin ƙasashen Afirka. Shi ma wata shida aka ba shi a kan wannan ƙin. Daga baya ya ƙaura zuwa Gini, ya wuce Gana ya yi aiki da W.E.B. Du Bois a kan kundin ilmin Afirka da Nkrumah ya ɗauki nauyi, ya rasu a Lusaka a 1970.

Hammett ya fara zaman a gidan wakafi na New York, aka mai da shi kurkukun Ashland a Jihar Kentucky, inda aikinsa ya zama wankin bayan gida. Yana da shekara 57. Aka sake shi cikin watan Disamba bayan wata biyar, jikinsa ya ƙara lalacewa. A waje kuma wani hukuncin na jiransa, wanda ba alƙalin da ya yanke. Gidajen rediyo suka soke shirye-shiryen da ake yi da jarumansa, Hollywood ta rufe masa ƙofa, littattafansa suka ɓace daga kantuna. Ofishin haraji ya biyo shi bashin sama da dala 100,000, ya ɗora hannu a kan duk abin da zai shigo masa. Ran 26 ga watan Maris 1953 Sanata Joseph McCarthy ya kira shi gaban kwamitinsa, don an sami littattafansa a ɗakunan karatu da Amurka ke buɗewa a ƙasashen waje. Nan ma bai ba da sunan kowa ba. Aka kwashe littattafan, sai da Shugaba Eisenhower ya nuna shi bai ga abin tsoro a cikinsu ba aka mayar.

Sauran shekarunsa a wani ɗan gida ya yi su a ƙauyen Katonah, arewa da New York, inda wani aboki ya bar shi ya zauna kyauta. Ya ci gaba da koyar da rubutu a makarantar Jefferson ta birnin har ƙarfinsa ya kasa. Ya fara wani littafi mai suna Tulip, a kan wani marubuci da ya daina rubutu, bai gama ba. Ciwon zuciya ya buge shi a 1955. Da ya kasa kula da kansa Hellman ta ɗauke shi zuwa gidanta, ita ta yi jinyarsa. Ya mutu ran 10 ga watan Janairu 1961 a asibitin Lenox Hill na New York, da ciwon dajin huhu, yana da shekara 66. Da yake ya yi wa ƙasarsa soja a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, doka ta ba shi haƙƙin kabari a maƙabartar sojoji ta Arlington, kusa da Washington, a can kuwa aka binne shi.